Irin na Luba

Ku da kuke da shagunan kwalliya yanzu, da fitila mai zobe da akwatin hoda kala-kala, kuna da abin da mu ba mu taɓa samu ba: kuna iya gogewa. In gira ta karkace sai a sa auduga a share, a sake. Shi ya sa da na ji wata cikinku tana cewa namu na da ai wasan yara ne, tsinke ne da ruwan baƙi, ban yi fushi ba. Na dai ga ya kamata in bayyana yadda aikin yake, tunda a Mafara yau ban san wadda ta rage da ta ci abinci da shi ba sai ni.

Sunana Kulu. Sana'ata zanen katambiri a fuska.

Da 'ya'yan gauɗe ake yin katambiri. Ɗanye ake so, wanda bai fara nuna ba. A fasa shi, a daka a ƙaramin turmin da yaji bai taɓa shiga ba, a tace da ƙyalle a cikin ƙoƙo. Ruwan da zai fito ba baƙi ba ne, kamar tsinkakken ruwan tsamiya yake. In kin ja layi da shi a kumatu, sheƙi kawai za ki gani, kafin ki kai kunne farkon layin ya bushe ya ɓace. Sai an kwana zai fito, baƙi mai ɗan shuɗi, kuma in ya fito ya zauna ke nan kwana bakwai, a wani jikin har goma. Sabulu ba ya fitar da shi. Lemon tsami ba ya yi. Toka sai dai ta ci fata ta bar zanen.

Ga 'yan mata masu zuwa kasuwa, mukan zuba garin gawayi kaɗan a ciki don su ga layin nan take su tafi suna yanga. Amma gawayi yana hana ruwan kama fata sosai, kwana uku ya dushe. Amarya ba a sa mata gawayi. Da farin ruwa ake yi mata, wato a makance, hannu ne ke tuna inda ya bi.

Da wasa na fara. Ran jajibirin salla nakan tara ƙawayena a bayan gidanmu in yi musu zane da tsinken tsintsiya, duk abin da ya zo mini a kai. Wata Talata wata mata ta tsayar da ƙawata a kasuwa, ta kama haɓarta ta juya ta hagu da dama, ta ce, "Wa yay yi wanga?" Aka nuna ni. Goggo Tumba ke nan, Bafillatar da ta zauna a ƙauyukan bakin gulbi can sama da Maradun, wadda ke zuwa kowace Talata ta shimfiɗa tabarma a bayan masu nono. Ta dube ni ta ce, "Hannunki na da kyau, kanki ne babu komi. In uwakki ta yarda, ki zo ki zamna nan."

Shekara biyu na zauna. A wata shida na farko ban taɓa fuskar kowa ba. Takan kifa mini ƙwarya a rana, ta ba ni ruwan rijiya da tsinke, in yi zane a bayan ƙwaryar in gama kafin farkonsa ya bushe. Da na iya wannan sai ta juya darasin: in jira rabin zanen ya bushe tukuna, sannan in ƙarasa ɗaya rabin daidai da shi. Daga nan na koma cinyata. Kayan aikin ba su da yawa. Tsinken gamba guda uku da aka feƙe, siriri da matsakaici da mai kauri, sai guntun karan dawa na ɗiga ɗigo, sai ƙoƙo da ƙyalle.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne haddar zanen garuruwa. Kowane ƙauye na bakin gulbi yana da nasa, kuma amarya da zanen garin uwayenta take shiga ɗakin miji. Guda goma sha huɗu Goggo ta koya mini. Biyu daga ciki ne suka shafi wannan labari. Na Tungar Kanya, garin masunta, ƙashin kifi ne: layi guda daga gefen baki zuwa kunne, da 'yan haƙarƙari biyar sama biyar ƙasa. Na Tsamiyar Kwari, garin masu ginin tukwane, layi uku ne a tsaye a kan kowane kunci, da ɗigo bakwai a haɓa.

Sai kuma doka guda, wadda Goggo ba ta wasa da ita. Mai zane ba ta tambayar mutum garinsu. "Tambaya zagi ta," in ji ta. "In kin ce ma mutum ina na garinku, kin ce mashi ba a san da shi ba." Saboda haka tabarmarmu tana fuskantar mararrabar da hanyoyi ke shigowa kasuwa. Mutanen Kanya ta hanyar gulbi suke fitowa, da busasshen kifi a ka da baƙin laka a ƙafa. Mutanen Tsamiya ta tudu suke gangarowa, da tukwane, ƙafarsu ja. Kafin mace ta gama sallama kin riga kin zaɓi tsinke. In ta ce "a yi mata na gida," sai ki ce "to," kuma wannan "to" ɗin shi ne rabin abin da suke biya.

Lokacin da aka fara aikin dam na Bakolori, idon Goggo ya fara rauni. Ta bar mini ƙoƙonta da wurin zamanta, ta koma wajen ɗanta a Bakura. Ni kuma a lokacin na yi aure, maigidan ya rasu ba mu cika shekara biyu ba, na dawo gidan kawuna. Abin da nake yi don nishaɗi ya zama abin da nake ci. Kuma an dace, shekarun ciniki ne. Garin ya cika da leburori da direbobi da matansu daga ko'ina. Na kafa rumfar zana, na sayi benci da madubi mai katako. Baƙin nan ba ruwansu da zanen gari, su dai a yi mai kyau.

Akwai matar wani direban katafila, 'yar kudu, da ta nace sai an yi mata irin na amare. Na gama, ta duba madubi ba ta ga komai ba, ta ce na cuce ta. Ina cikin bayani ta sa tafin hannu ta shafe fuskarta don ta nuna mini babu abin da na yi. Washegari kuncinta duka da tafin hannun suka wayi gari baƙi ƙirin. Kwana tara ba ta fito ɗiban ruwa ba. Bayan haka ta zama mai yi mini talla a barikinsu, duk wadda ta kawo sai ta riƙe mata hannuwa da kanta har ya bushe.

Daga nan abubuwa suka juya. Katafila ta share dajin da za a ja hanyoyin ruwa, gauɗe ya tafi tare da sauran itatuwa. Abin da nake tsinka a bayan gari sai na shiga mota zuwa wajen wani gari da ake kira Kaya, in ƙarasa da ƙafa, in dawo da rabin ƙwarya. Ruwa kuma ya taru a bayan dam ya hau ƙauyukan bakin gulbi ɗaya bayan ɗaya. Aka kwashe mutanen aka zuba su a tudu, a gidaje jere-jere masu lamba a ƙofa. Abin da ya faru tsakanin manoma da hukuma a shekarun nan, waɗanda suka gani sun sani, ba shi ne zancena ba. Abin da ya shafi rumfata shi ne: wanda ba shi da gona ba ya aurar da 'ya. Akwai Talatar da na zauna daga hantsi har la'asar fuska biyu na taɓa, na zubar da sauran katambirin a gindin rumfa, don ba ya kwana.

Wani abu kuma ya canza wanda ban ba shi muhimmanci ba. Mutanen ƙauyukan nan goma sha huɗu yanzu a mota guda suke zuwa, ta titi guda, su sauka a tasha guda. Babu tukwane, babu laka. Ni kuwa bencina yana nan yana fuskantar tsohuwar mararraba.

A wannan shekarar, wata Talata da hantsi, wata tsohuwa ta yi sallama da yarinya a bayanta cikin mayafi. Sunan tsohuwar Inna Hassi, yarinyar jikarta ce, Luba. A lokacin ban san sunansu ba.

"An kwana lahiya, ɗiyata?"

"Lahiya lau, Inna. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Ƙaƙa kasuwa?"

"Da godiya. Ina mutan gida?"

"Suna nan inda anka aje su." Ta zaunar da yarinyar a benci. "Ke ta ɗiyar ɗakin Tumba ko? To, a yi mata na gida. Gobe za a kai ta."

Amarya ta farko ke nan cikin wata biyar. Na dubi ƙafarsu, ba ta gaya mini komai ba. Na dubi ɗaurin zanen tsohuwar, irin na kowa. Sai na ga ƙullin busasshen kifi a hannun yarinyar. Na ji bakina yana so ya tambaya, na kuma ji muryar Goggo. Ga shi an kira ni da sunanta. Na ce, "To."

Inna Hassi ta shiga kasuwa sayen tasoshi. Na tace farin ruwa, na ɗauki siririn tsinke, na ja ƙashin kifi a kunci biyu. Aikin ya yi kyau, har yau ina iya cewa haka. Yarinyar idonta a rufe har na gama. Tsohuwar ta dawo, ta duba sheƙin da ya riga ya bushe, ta sa mini albarka, suka tafi.

Washegari Laraba, rana ba ta yi zafi ba, ina shara a tsakar gidan kawu, na ji sallama. Su ne. Tsohuwar ba ta zauna ba. Ta ɗaga mayafin yarinyar ta ce, "Kulu, duba man. Ɗiyar wane gari ta wagga?"

Zanen ya fito baƙi, kowane haƙarƙari a wurinsa.

Na ce, "Inna, na ga kifi a hannunta."

"Kihi? Tasha munka saye shi, na miyar biki! Kowa ka cin kihi ɗan Kanya na?" Ta saki mayafin. "Mu Tsamiya muke. Tsamiyar Kwari. Kin san abin da ke tsakaninmu da Kanya?"

Na sani, kowa ya sani. Tafki ne guda tsakanin garuruwan biyu, kowace shekara sai an yi faɗa ranar kamun kifi. A ɗaya daga cikin faɗan aka fasa kan kakan Luba da gora, ya yi jinya wata uku. Tafkin a lokacin yana ƙarƙashin ruwan dam, ko wurinsa ba mai iya nunawa.

Inna Hassi ta ce, "Ruwa ya ci gidana, ya ci gonata, ya ci kushewar mijina. Ban ce komi ba, na Allah na. Abu guda niƙ ƙudura, ɗiyag ga ta shiga ɗakinta da Tsamiya bisa huska, dangin miji su gani su san daga wani wuri ta hito. Ke kuma kin ba Kanya ita."

Luba ta yi magana a karon farko, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, a bar shi hakanan. Ai kwana bakwai na."

"Kwana bakwan nan na aka zuwa ganin amarya, sakarya! Ke ba ki ji inda tsinken ya bi ba?"

"Na ji. Kunya nij ji."

Na ce wa tsohuwar gaskiya, cirewa ba ta yiwuwa, sai dai ƙari. Da yamma za a kai amarya, babu lokacin jiran farin ruwa. Na daka sauran gauɗen da nake da shi, na zuba gawayi, abin da ba a yi wa amarya. Na ja layi uku na Tsamiya a tsaye suka ratsa ƙashin kifin, na ɗiga bakwai a haɓa. Abin ya fito kamar saƙar taru. Na miƙa madubi.

Inna Hassi ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wanga ba Kanya ba, ba Tsamiya ba. Na gidan lamba na." Ta rufe yarinyar, suka fita ba sallama.

Ran Juma'a na shiga mota zuwa Bakura. Na iske Goggo Tumba a inuwar ɗaki, idon ya tafi gaba ɗaya. Ta shafa fuskata ta gane ni. Na gaya mata komai. Ina jiran faɗa, faɗan bai zo ba.

Ta ce, "Hanya nik koya maki, ga shi hanyar ta mutu."

Na ce, "To yanzu yaya zan yi, Goggo?"

"Ban sani ba, Kulu. Mu ba mu taɓa ganin mutum ya zo daga ba ko'ina ba."

Ta ba ni fura, na sha, na dawo. Wannan ne ganina da ita na ƙarshe.

Talatar da ta biyo na fito ne kawai don kada a ce na gudu. A sana'ar nan in aka ce mai zane ba ta san mutane ba, ta gama. Wajen azahar 'yan mata uku suka sauko daga motar gidajen lamba, suka tsaya a bakin rumfa suna tura juna. Ɗaya ta ce, "Irin na Luba muka so."

Na ce, "Wane gari kuke?" Ban ma san na tambaya ba sai da maganar ta fita.

Suka dubi juna. Ɗaya ta ce babanta Kanya ne, ɗaya ta ce ita a tudu ta yi wayo, ta ukun ta gaya mini lambar gidansu. Na yi musu zanen.

Kafin babbar salla, duk yarinyar da ta fito daga gidajen nan da saƙar taru take yawo. Amare ma suka fara cewa shi za a yi musu, da farin ruwa. Da kuskuren nan na sa wa rumfata kwano, da shi na ci abinci shekaru masu yawa. Zane goma sha huɗun kuwa aka daina neman su. A shekarar farko an nemi huɗu, a ta biyu an nemi ɗaya, daga nan shiru. Don kada su ɓace mini, in kasuwa ta yi sanyi nakan kifa ƙwarya a rana in ja su da ruwan rijiya ɗaya bayan ɗaya, in na kai na ƙarshe na farko ya bushe. Har yau ina yi. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye ni abin da nake zanawa.

Inna Hassi tana zuwa kasuwa kusan kowace Talata. Ta ɗaya gefen layin masu nono take bi, ba ta waiwayowa. Shekara shida muka yi haka.

Wata Laraba da hantsi Luba ta zo gidan kawu da goyo a baya. Muka gaisa, ta ce, "Inna ta kwanta, kwana goma ke nan. Ta ce in kira ki. Ta ce ki taho da ƙoƙo."

Ina da 'ya'yan gauɗe shida da na ajiye don wata amarya. Na daka su, muka hau mota. Gidan yana cikin layi na huɗu, ɗaki biyu da katangar zana. Tsohuwar tana kwance a tabarma kusa da ƙofa, inda haske ke shigowa. Ta rame ƙwarai, amma idonta tar.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa gaisuwar duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta ce, "Kin zo da shi?"

"Na zo da shi, Inna."

"To, a yi man na gida."

Na ajiye ƙoƙon, na kama haɓarta kamar yadda Goggo ke kamawa. Na ce, "Inna, ina ne garinku?"

Luba ta ce, "Haba, Kulu!"

Tsohuwar ta yi dariya har ta sarƙe da tari. Da ya lafa ta ce, "Ƙyale ta, yanzu ta yi hankali." Ta rufe ido. "Tsamiyar Kwari. In kin gangaro daga tudu, ki bar rijiya hannun dama, ki wuce ramin yumɓu. Gida na ukku, mai tukwane jere bakin danga. Nan na garinmu."

Na tsoma tsinke. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Sa gawayi."

Na ce, "Inna, na gawayi ba ya daɗewa."

"Ni ma hakanan. Ba ni da jiran gobe, yanzu nika son gani."

Luba ta ɗebo gawayi a murhu, na murje shi a bayan ƙoƙo na zuba. Zane a fatar tsohuwa yana da wuya. Sai kin sa yatsa biyu kin miƙar da wurin, ki ja layin da sauri, ki riƙe har ya sha, in ba haka ba ruwan zai bi tamoji ya watse. Layi shida na ja, kowanne sai da na riƙe shi ina hura masa iska. Sannan na ɗauki karan dawa na yi haɓar.

Na riƙe mata madubi. Ta kai yatsa kusa da haɓarta ba ta taɓa ba, ta ƙirga ɗigon a bayyane, ɗaya bayan ɗaya, har bakwai. Ta juya kunci ɗaya, ta juya ɗayan. Ta ce wa Luba, "Taho da ɗiyakki ta gani." Aka kwanto jaririyar aka riƙe ta a gabanta. Yarinyar dai tana ta ƙoƙarin kama madubin.

Tsohuwar ta ce, "To, ga mu nan."

Na wanke tsinkena, na yi mata sallama, na koma tasha na jira motar Mafara. Ran Juma'a da safe aka aiko cewa ta rasu.

Na gawayi kwana uku yake yi. Ya ishe ta.